Jens Nielson: Gurgun Madugun Da Ya Kafa Gari A Bakin Kogin San Juan

A wannan fitowa filin namu na tarihi zai haye teku zuwa Amurka, mu duba rayuwar wani Bature manomi wanda ya bar ƙasar haihuwarsa yana da kimanin shekara 36, ya ratsa jeji da ƙafa, ya binne ɗansa a hanya, ya gurgunce, daga baya kuma ya shugabanci wani ɗan ƙauyen baƙi sama da shekara 25 a tsakiyar mutanen da harshensu daban, addininsu daban. Sunansa Jens Nielson, mutanen ƙasarsu kuwa Yens suke furtawa. Mu da muke zaune nesa da gida mun san cewa isa wuri abu ɗaya ne, zama a wurin kuma wani abu ne. Naci ne ya kai wannan mutum inda ya je, kuma ya biya kuɗin nacin da tsada. Amma abin da ya zaunar da garinsa shi ne sauya dabara, da ciniki, da iya zama da waɗanda ya tarar.

Su wane ne 'yan Momon?

Kafin mu shiga labarin sai mun san mutanen da ya bi. 'Yan Momon wata ɗarika ce da wani mutum mai suna Joseph Smith ya kafa a jihar Niyok a shekarar 1830. Ya ce wani mala'ika ya nuna masa wasu alluna na zinariya, ya fassara su ya fitar da littafi mai suna Littafin Momon, daga nan sunan ya bi su. Su suna kiran kansu Kirista, amma sauran Kiristocin Amurka na wancan zamani ba su yarda da su ba. Aka kore su daga jihar Missouri a 1838 zuwa 1839, suka gina birnin Nauvoo a jihar Illinois. A 1844 wasu gungun mutane suka auka wa kurkukun da aka tsare Joseph Smith suka harbe shi. Wanda ya gaje shi, Brigham Young, sai ya kwashi jama'ar ya nausa yamma, suka sauka a kwarin wani babban tafkin gishiri a watan Yuli na 1847. Nan suka kafa birnin Salt Lake, a yankin da ake kira Yuta yanzu. A lokacin ma ƙasar tana hannun Meksiko ne, sai a 1848 ta koma hannun Amurka.

Waɗanda ke zaune a garuruwan kudu sun sha ganin samari da fararen riguna da nektai suna yawo biyu-biyu da suna manne a ƙirji. To, masu wa'azin wannan ɗarika ke nan. Sun shigo Nijeriya a hukumance a 1978, kuma sun buɗe babban ɗakin ibadarsu a Aba a 2005.

A wancan zamani dokarsu ita ce duk wanda ya shiga ɗarikar, ko a ina yake a duniya, ya tattara ya taho Yuta. A 1849 suka kafa wani asusu da ke ranta wa talakansu kuɗin hanya, in sun iso su yi aiki su biya, a ranta wa na baya.

Daga Denmak zuwa Iowa

An haifi Jens Nielson ranar 26 ga Afirilu 1820 a tsibirin Lolland na ƙasar Denmak. Ya auri Elsie Rasmussen a 1850, suka haifi ɗa namiji suka sa masa Niels. A wannan shekarar ce masu wa'azin Momon suka fara shiga Denmak, domin tsarin mulkin da ƙasar ta yi a 1849 ya ba kowa 'yancin bin addinin da ya ga dama. Jens da matarsa suka shiga ɗarikar a 1854. Ba matsiyaci ba ne, yana da gida da gona, amma maƙwabta suka juya masa baya. Sai ya sayar da abin da ya mallaka ya yi shirin ƙaura. Wasu 'yan ɗarikar suka damƙa masa amanar 'yarsu, Bodil Mortensen, yarinya 'yar kimanin shekara goma, ya kai ta wurin yayarta da ta riga ta tafi, su kuma iyayen za su biyo baya.

A farkon watan Mayu na 1856 suka shiga jirgin ruwa mai suna Thornton daga tashar Libaful ta Ingila, su sama da 700. Suka sauka Niyok a tsakiyar Yuni, suka bi jirgin ƙasa har garin Iowa City, inda layin dogo ya ƙare a lokacin. Daga nan zuwa Salt Lake mil 1,300 ne, kuma babu wata hanya sai ta ƙasa.

Jens yana da kuɗin da zai sayi amalanke da shanun ja, ya tafi cikin rufin asiri. Sai shugabanni suka roƙi masu hali su taimaka wa marasa hali. Ya miƙa kuɗinsa, ya shiga sahun talakawa masu jan kura.

Araha ba ta ado

Mece ce wannan kura? A 1855 fari da fara sun cinye amfanin gona a Yuta, asusun ƙaura ya yi ƙasa. Sai Brigham Young ya kawo shawara cewa maimakon a sayi amalanke da shanu masu tsada, a ƙera wa mutane ƙananan kura na katako masu ƙafa biyu, irin na 'yan dako, su zuba kayansu su ja da kansu. Mutum biyar kura ɗaya, mutum ashirin tanti ɗaya. Babba ba a yarda ya ɗauki kayan da suka wuce laba 17 ba, wato ƙasa da kilo 8, har da bargo da tufafi. Abincin rana kuwa laba ɗaya ta fulawa.

Daga 1856 zuwa 1860 ayari goma ne suka yi wannan tafiya, mutum kusan 3,000. Takwas daga ciki sun isa ba tare da babbar hasara ba. Biyun da suka auka cikin bala'i su ne ayarin madugu James Willie, wanda Jens yake ciki, da na Edward Martin da ke bayansu. Dalili kuwa latti. Da suka iso Iowa City ba su tarar da kura a shirye ba, sai da aka zauna aka ƙera su a gaggauce da ɗanyen katako. Ayarin Willie, mutum kusan 500, bai tashi ba sai ranar 15 ga Yuli. Da suka shiga busasshen jeji katakon ya bushe ya tsattsage, kullum sai an tsaya gyara.

Wanda ya ƙi ji

A watan Agusta suka isa Florence, a yankin Nebraska, zango na ƙarshe kafin babban jeji. Nan aka yi taro a kan ko a ci gaba ko a zauna sai baɗi. Wani daga cikin mataimakan madugu, Levi Savage, wanda ya san hanyar, ya miƙe ya ce lokaci ya ƙure. Ya ce da tsofaffi da mata da yara haka, sanyi zai riske su a kan duwatsu, kuma za a yi ta binne mutane a hanya. Sauran shugabanni suka ce ƙarancin imani ne ya sa shi faɗar haka, Ubangiji zai tsare bayinsa. Yawancin jama'ar baƙi ne daga Ingila da Denmak, ba su taɓa ganin sanyin waɗannan duwatsu ba, sai suka bi bakin masu rinjaye. Savage ya ce ya faɗi gaskiyarsa, amma tun da sun ce za su tafi zai bi su, ya ja kura tare da su, in mutuwa ce ma a yi tare. Kusan mutum 100 suka tsaya, kusan 400 suka kama hanya.

A farkon Satumba garken ɓauna ya firgita shanun da ke jan amalanken abinci, kusan 30 suka ɓace. Dole aka rarraba buhunan fulawa a kan kura, nauyi ya ƙaru. Bayan 'yan kwanaki wani babba a ɗarikar, Franklin Richards, wanda shi ya shirya ƙaurar daga Ingila, ya wuce su a keken doki mai sauri. Ya tsawata wa Savage a gaban jama'a, ya yi musu alkawarin za su tarar da guzuri a gaba, ya wuce abinsa. Da suka isa sansanin Fort Laramie a farkon Oktoba ba su sami abin kirki ba. Aka rage awon fulawa, aka sake ragewa. Maza suna jan kura da yunwa, su ba 'ya'yansu rabonsu, da dare su kwanta, da safe a tarar sun cika.

Richards ya isa Salt Lake ranar 4 ga Oktoba, a nan ne Brigham Young ya ji cewa akwai mutum sama da dubu a jeji. Washegari ya tsaya gaban babban taro ya ce a bar kome a tara alfadarai da fulawa da barguna a je a ɗauko su. Daga baya ya fito fili ya ɗora laifin lattin a kan Richards da abokan aikinsa.

Daren Rocky Ridge

Ranar 19 ga Oktoba dusar ƙanƙara ta sauko musu a bakin kogin Sweetwater, a jihar Wyoming ta yanzu, daidai lokacin da fulawarsu ta ƙare. Madugu Willie da wani mutum ɗaya suka hau alfadarai suka tafi neman masu ceto, suka dawo da su ranar 21. An sami ɗan abinci, amma dole a ci gaba da tafiya, domin zama a wurin mutuwa ne. Ranar 23 suka fuskanci wani tudu mai suna Rocky Ridge, mil 15 cikin iska da ƙanƙara har gwiwa. Wasu sai da suka kwana suna tafiya, na ƙarshe ba su iso zango ba sai da asuba.

A wannan hawa ne ƙafafun Jens suka daskare. Shi dogo ne ƙaƙƙarfa, ya haura ƙafa shida, matarsa kuwa 'yar ƙarama ce. Labarin da zuriyarsu suka riƙe shi ne ya zube a gefen hanya ya ce mata ta bar shi ta bi ayari. Ta ce ba ta barinsa. Ta sa shi ya hau kura, ta shiga gaba ta ja. Ku duba wannan mace, jama'a!

A zangon Rock Creek aka haƙa kabari ɗaya aka binne mutum 13. Cikinsu akwai Niels, ɗansu tilo, saura 'yan kwanaki ya cika shekara shida. Akwai kuma Bodil, 'yar amana, wadda aka ce ta fita neman ƙirare ne, aka same ta da safe a jikin ƙafar kura ta sandare. Iyayenta sun taso daga Denmak a shekara mai zuwa suna murnar za su gan ta.

Ayarin ya shiga Salt Lake ranar 9 ga Nuwamba 1856. Kusan mutum 70 suka mutu a ayarin Willie, kusan 150 a na Martin. Jens ya rayu, amma ƙafarsa ɗaya ta karkace, har ya mutu yana ɗingishi.

A nan sai mu tsaya mu yi tunani. Imanin waɗannan mutane da ƙarfin halinsu ba abin musu ba ne. Amma wasu daga cikin waɗanda suka yanke shawarar a Florence a kan doki suka wuce, waɗanda suka biya kuwa yara ne irin Niels da Bodil. Madugun da ya mai da gargaɗin masani ya zama rashin imani, ayarinsa ne ke shan wuya.

Gari bayan gari

A Yuta ta wancan lokaci mutum ba ya zaɓar inda zai zauna yadda ya so. Shugabanni kan kira sunayen magidanta a babban taro, a ce ku ne za ku je ku buɗe wuri kaza. Da haka suka kafa garuruwa ɗaruruwa. Aka tura Jens kudu, ya zauna Parowan da Paragonah. A watan Maris na 1864 ya jagoranci iyalai sama da 50 suka haye dutse suka kafa Panguitch. Wurin tudu ne mai sanyi, alkamarsu ba ta nuna ba sanyi ya kashe ta. Da yunwa ta tsananta sai maza bakwai suka tafi Parowan neman fulawa, mil 40. Ƙanƙara ta yi zurfin da ba a iya takawa, sai suka riƙa shimfiɗa barguna suna takawa a kai, su ɗauko na baya su shimfiɗa a gaba, har suka isa. Har yau mutanen garin suna bikin tunawa da wannan tafiya.

To amma ƙasar da suke buɗewa ba kango ba ce. Akwai masu ita, 'yan asalin Amurka waɗanda Turawa suka laƙa wa sunan Jajayen Indiyawa, a nan yankin kuwa ƙabilun Ute da Paiute ne. Baƙi sun kame maɓuɓɓugan ruwa da makiyaya, masu ƙasa suka shiga yunwa suka fara kora shanun baƙi. A 1865 yaƙi ya ɓarke, wanda ake kira da sunan jagoran Ute, Black Hawk. An yi ɓarna ta kowane ɓangare. A garin Circleville, a 1866, mazauna garin suka kama 'yan Paiute suka tsare, sannan suka kashe kusan 30, har da mata da yara. Wannan yaƙi ne ya tashi Panguitch. Jens ya bar gida da gona ya koma Cedar City, ya sake farawa daga tushe. A nan ya yi arziki, ya gina gida mai kyau. Yana da mata uku, domin a lokacin ɗarikar ta halatta auren mace fiye da ɗaya, abin da ya jawo mata rigima da gwamnatin Amurka har ta sanar da dainawa a 1890.

Hanyar lafiya a bi ta da shekara

Mutum mai shekara 59, gurgu, mai rufin asiri, ai sai hutu. Amma a 1879 aka sake kiran sunansa. Shugabanni suna so a kafa gari a kusurwar kudu maso gabashin Yuta, a bakin kogin San Juan, kan iyakar ƙasar ƙabilar Navajo. Manufarsu su riga manyan makiyaya da ɓarayin shanu kame wurin, su kuma ƙulla zaman lafiya da ƙabilun yankin. Madugu shi ne Silas Smith, mataimakinsa Platte Lyman.

Akwai hanyoyi biyu da aka sani, ta kudu da ta arewa, kowacce da zagaye mai nisa. Sai aka ce akwai yanke ta garin Escalante, mako shida an isa. Ba wanda ya taɓa bin yanken da amalanke. Mutum kusan 250, amalanke sama da 80, dabbobi fiye da 1,000 suka taru a wata maɓuɓɓuga a watan Nuwamba. Da 'yan leƙen hanya suka dawo sai suka ce gaba ba ta biyuwa. Baya kuma ƙanƙara ta rufe dutsen da suka hauro, dabbobi sun cinye ciyawar hanya. A taron da aka yi, Jens yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan a ci gaba, ya ce ko babu hanya sai an yi ta.

Abin da ke gabansu shi ne kogin Kolorado, kwance can ƙasan wani gangaren dutse mai zurfin sama da ƙafa dubu. Sai wata 'yar tsaga a jikin dutsen, wadda ko amalanke ba ya shiga. Suka sa mata suna Hole-in-the-Rock, wato Ramin Cikin Dutse. Mako shida suna aiki a kanta cikin hunturu. Akan ɗaure mutum da igiya a zura shi, ya huda dutse ya cusa albarushi a fasa. A wani wuri da dutsen ya miƙe kamar bango, wani mai haƙar kwal daga ƙasar Wales, Benjamin Perkins, ya sa aka sassaƙe gurbin ƙafar amalanke ta ciki, aka huda ramuka a jere aka kafa turakun itace, aka shimfiɗa gungume da duwatsu da ƙasa a kai, ƙafar waje ta sami matakin da ke rataye a jikin dutse.

Ranar 26 ga Janairu 1880 aka fara zura amalanke. A ɗaure ƙafafun baya da sarƙa, maza goma ko fiye su riƙe igiya ta baya suna ja, dawaki suna zamewa. A ƙasa kuma wani mai suna Charles Hall ya haɗa kwalekwalen fito. Duk amalanken suka sauka, ba wanda ya farfashe. Bayan kogin sai suka tarar da abin da ya fi na baya, duwatsu masu santsi da kwazazzabai da laka, wata biyu da 'yan kai suna sarar hanya. Tudu na ƙarshe sai da aka haɗa dawaki da yawa a kan amalanke ɗaya, dabbobi suna faɗuwa a gwiwa. Ranar 6 ga Afirilu 1880 suka sauka a wani ɗan fili a bakin San Juan. Saura ƙasa da mil 20 su kai Montezuma, inda aka nufa tun farko, amma ba mai sauran ƙarfi. Suka ce nan ya isa, suka sa wa wurin suna Bluff.

Tafiyar mako shida ta ci wata shida. Ikon Allah, ba wanda ya mutu, har haihuwa aka yi a hanya. Bambancin wannan tafiya da ta 1856 a fili yake. A nan akwai amalanke da dabbobi da masu sana'a, shugabanni suna cikin ayarin suna cin abin da kowa ke ci, kuma ana tura 'yan leƙe kafin a matsa. Duk da haka yanken bai yi amfani ba, domin bayan kamar shekara ɗaya aka daina bin sa.

Kogin da ya ƙi jin magana

A watan Satumba na 1880 aka naɗa Jens bishof na Bluff. A tsarinsu bishof ba ma'aikacin albashi ba ne. Manomi ne kamar kowa, amma shi ne limaminsu, shi ne mai unguwa, shi ke raba gardama, shi ke karɓar kashi ɗaya cikin goma na amfanin kowa ya ciyar da mabukata, shi ke rabon ruwa da aikin gayya.

Tun ranar farko aka ga matsala. Filin noma bai isa kowa ba, sai da aka yi ƙuri'a. Ruwan sama kuma ba ya isa shuka, dole a janyo ruwan kogi ta magudana. San Juan kuwa kogin yashi ne mai sauya kwanciya. Su haƙa magudana mil da mil, kogi ya cika ya cinye ta. Su sake haƙawa, kogi ya janye ya bar bakinta a bushe. Shekara bayan shekara haka. A 1884 aka yi ambaliyar da ta share magudanar, ta shafe Montezuma. Iyalai suka yi ta tashi. Manyan ɗarikar suka zo suka duba, suka ce duk mai son tafiya ya tafi ba laifi a kansa, amma sun fi son a zauna. Jens ya zauna, wasu iyalai kaɗan suka zauna saboda shi.

Da naci kaɗai ake cin nasara, da magudanar nan ta ciyar da su, domin ba abin da ba su yi mata ba. Ba ta taɓa ciyar da su yadda ya kamata ba.

Kanti da garke

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A 1882 mutanen Bluff suka haɗa hannun jari suka buɗe kantin haɗin gwiwa, Jens yana cikin jagororinsa. A ƙetaren kogi akwai Navajo, mutane masu tumaki da yawa, matansu gwanayen saƙa. Gwamnatin Amurka ta taɓa kwashe su da ƙarfin soja a 1864 ta tsare su a wani sansani mai nisa, dubbai suka mutu, sai a 1868 aka yi yarjejeniya suka dawo gida. Saboda haka ba su da dalilin amincewa da farar fata. Amma ciniki yana da nasa harshe. Navajo su kawo gashin tumaki da fatu da barguna, su karɓi fulawa da sukari da yadi. Mutanen Bluff su loda kayan a amalanke su kai Durango a jihar Kolorado, inda jirgin ƙasa ya iso a 1881, su sayar su saro wasu kaya. Mai hannun jari ya sami riba, mai amalanke ya sami kuɗin dako, kuɗin ya tsaya a cikin gari.

Na biyu kuma kiwo. Manyan kamfanonin shanu sun riga sun mamaye makiyayar yankin da dubban kawuna da 'yan bindiga. Mutum ɗaya ba zai iya ja da su ba, sai mutanen Bluff suka haɗa shanunsu garke guda, suka sayo tumaki, suka riƙa kame makiyaya a hankali. Da fari ya zo a shekarun 1890, kamfanonin da ke neman riba ta kusa suka sayar suka tashi. Waɗanda suka zo zama suka gaje filin. Daga nan aka fara rushe ɗakunan gungume ana gina gidajen dutse, har da na Jens, wanda ke tsaye har yanzu.

Ranar da aka ajiye bindigogi

A watan Yuni na 1887 wani mutumin Bluff, Amasa Barton, wanda ke da ɗan kanti a gefen kogi nesa da gari, ya yi saɓani da wasu Navajo biyu a kan kayan jingina. Aka harbe shi, ya rasu bayan 'yan kwanaki, ɗaya daga cikin Navajon ma ya mutu a rikicin. Ba a daɗe ba sai ga mahaya Navajo da yawa sun shigo Bluff da bindigogi, fuska a shafe. Yawancin mazan gari suna wurin shanu ko dako.

Yadda mutanen Bluff suka riƙe labarin, tsoho Jens ya ɗingisa ya fito ba makami, tare da surukinsa Kumen Jones, mijin 'yarsa Mary, wanda ke jin harshen Navajo. Ya ce musu a shirye yake a yi magana, amma abokai ba sa magana da bindiga a hannu. Ya tuna musu kuma cewa in aka zubar da jini sojan gwamnati ne za su zo, kowa ya yi hasara. Aka yi shiru. Can sai suka sauka, suka jingine bindigogi, suka zauna. Aka yanka sa, mata suka toya gurasa, aka ci aka kwana lafiya. Shekara bakwai na ciniki da gaskiya a awo ita ce ta yi magana a wannan rana, domin da yawa cikin mahayan sun san fuskar tsohon a bakin kanti.

Amma kada mu yi wa tarihi kwalliya. Garken da ya arzuta Bluff shi ne ya cinye ciyawa da namun dajin da Ute da Paiute ke rayuwa a kai, har suka koma roƙo a ƙofar waɗanda suka zo baƙunta. Bayan rasuwar Jens, a 1923, aka yi arangama ta ƙarshe, inda mazauna yankin suka tattara 'yan ƙabilun nan kusan 80 suka zuba su cikin shingen waya a garin Blanding. Zaman lafiyar da aka gina a kan mutuncin tsoho ɗaya, ba a kan rabon ƙasa na adalci ba, bai daɗe bayansa ba.

Ƙarshen tafiya

Jens Nielson ya sauka daga muƙamin bishof a farkon 1906, ya rasu a Bluff ranar 24 ga Afirilu na wannan shekara, saura kwana biyu ya cika 86. Elsie, wadda ta ja shi a kura, ta rayu bayansa har 1914. Daga Bluff ne aka fita aka kafa Monticello da Blanding, a kan tudu inda ruwa ya fi daɗin sarrafawa, kuma sannu a hankali yawancin jikokin mutanen farko suka koma can. Bluff ta zama ɗan ƙaramin gari na masu yawon buɗe ido. Ramin Cikin Dutse yana nan, sai dai gindinsa ya nutse a tafkin Powell tun da aka datse kogin Kolorado a shekarun 1960.

To jama'a, ga abin da muka tsinta a wannan tarihi. Mai gargaɗi irin Levi Savage a saurare shi tun ana zango, kafin a shiga jeji. Shugaban baƙi shi ne wanda kuɗinsa ke cikin asusun jama'a, ƙafarsa ke cikin ayari, kuma in rana ta ɓaci shi ne na farkon fitowa. Sana'ar da ta ƙi, a sake wata tun da sauran ƙarfi, kuma jarin da aka haɗa ya fi wanda aka rarraba. Sannan baƙo, kome daɗewarsa da arzikinsa, ya riƙa tambayar kansa ko ribar da yake ci tana isa ga mai masaukinsa. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a nemanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.